Na haddace jawabina tsaf, da na miƙe sai ya ƙwace min

Assalamu alaikum Yaya. Shekarata biyu ina aiki a sashen karɓar koke-koken abokan hulɗa na wani kamfani. Wata uku da suka wuce aka ce in gabatar da rahoton sashenmu a gaban shugabanni, aka ba ni minti 15. Kwana huɗu na yi ina haɗa shafukan majigi har suka kai 38, na rubuta jawabina kalma-kalma na haddace. Da na miƙe sai bakina ya bushe, muryata ta kama rawa, a shafi na uku haddar ta ƙwace. Na juya ina karanta abin da ke kan allo. Ina shafi na 19 shugaban taron ya ce lokaci ya cika. Shawarar da na je nema a amince da ita, wato a bar sashenmu ya riƙa warware ƙananan koke-koke ba sai ya jira sa hannun manaja ba, tana shafi na 35, ko ambatonta ban yi ba. Yanzu an sake ba ni dama nan da mako biyu, kuma tun da aka faɗa min barci ya ƙaurace min. Ina tunanin in roƙa a ba abokin aikina, shi ya fi ni baki. Ko dai ni ba a halicce ni don magana a gaban jama'a ba ne?

Ƙanwarki mai damuwa

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Kada ki miƙa wa kowa wannan aiki. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ke kika shekara biyu kina karanta koke-koken mutanen nan, ke kika san teburin da takarda kan je ta kwanta. Abokin aikinki na iya fin ki baki, amma da zarar an jefo tambaya mai ƙashi, waiwayowa zai yi yana neman ki da ido. Kuma in kika janye yau, tsoron ba zai ragu ba. Gaba in aka kira sunanki sai ya fi haka girma, domin zuciya ta riga ta koyi cewa gudu ne ya cece ta.

Sau biyu na karanta wasiƙarki. Ke rawar murya ce ta dame ki, ni kuwa abin da ya tsaya min a rai shi ne shafi na 35. Abin da ya kai ki gaban mutanen nan kin kai shi can ƙurya kin ajiye, kika jera shafi 34 a gabansa. Ki yi lissafi da kanki: shafi 38 a minti 15, kowane shafi bai samu daƙiƙa 25 ba. Ko da muryarki ta fi ta mai karanta labarai a rediyo tsayuwa, ba za ki isa can ba. Jawabin nan ya faɗi tun kafin ki shiga ɗakin taro, a kan teburinki, cikin kwana huɗun da kika yi kina haɗa shi. Na faɗa miki haka ne don hankalinki ya kwanta. Da matsalar ta halitta ce, da mako biyu ba su isa komai ba. Ta shiri ce, kuma shiri ana gyara shi.

Rufe kwamfutar tukuna. Ɗauki takarda da biro ki amsa tambaya guda: in mutanen nan suka tashi suka fita, me nake so su yi? Jimla ɗaya, wadda za ki iya faɗa da numfashi ɗaya. "Rahoton ayyukan sashenmu" take ne kawai, ba ya neman komai a wurin kowa. Taki za ta zama wani abu kamar haka: "Ina roƙon ku amince sashenmu ya riƙa warware ƙananan koke-koke da kansa, mu gwada na wata uku, in dawo muku da sakamako." Ki lura akwai aiki a cikinta, akwai wanda zai yi, akwai wa'adi. Na sa gwajin wata uku da gangan, domin shugaba ya fi saurin cewa "to" ga abin da ya san zai iya janyewa. Wannan jimla kan ci wa mutum yini guda yana rubutawa yana sokewa, kuma ba asarar lokaci ba ce.

In kin same ta, da ita za ki buɗe baki. A makaranta an koya mana mu fara da tarihi, mu bi da hanyar da muka bi, mu ajiye sakamako a ƙarshe. Wancan tsarin ɗalibi ne da ke nuna wa malami cewa ya yi aiki. Shugabanni sun zo yanke hukunci ne, kuma mai yanke hukunci in bai san me ake nema a wurinsa ba, bai san yadda zai saurara ba. Ki faɗa masa a minti na farko, sai duk abin da ya biyo baya ya zama hujja da zai riƙa aunawa. Akwai wata riba kuma: ko da a minti na biyar aka katse ki, saƙonki ya riga ya isa.

Binne magana mai nauyi a ƙasan shafi ya taɓa shiga cikin babban bala'i. A watan Janairun 2003, lokacin da jirgin sama-jannatin Amurka mai suna Columbia yake tashi, wani ɓallin soso da ke lulluɓe da tankin mai ya ɓalle ya bugi fiffikensa na hagu. Jirgin na can sama injiniyoyi suka yi wa manyan hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, bayani da shafukan majigi. Taken wani shafi a ciki mai kwantar da hankali ne, amma can ƙasa, da ƙananan haruffa, aka rubuta cewa ɓallin da ya bugi jirgin ya ninka wanda aka taɓa yin gwaji da shi sau ɗaruruwa. Ranar 1 ga Fabrairu jirgin ya tarwatse yana dawowa, mutum bakwai da ke ciki suka rasu. Dalilan hatsarin suna da yawa, amma kwamitin da ya yi bincike ya ambaci wannan shafi, ya nuna cewa babban jami'i zai iya karanta shi bai gane ana maganar rai da mutuwa ba. Naki aikin bai kai can ba, amma kunnen ɗan'adam ɗaya ne: abin da aka sa a gaba shi ake ɗauka da muhimmanci.

Sai ki koma kan masu sauraro. Su wa za su zauna, kuma me ke hana kowannensu barci? Mai kula da kuɗi zai so ya ji nawa abin zai ci ko zai rage. Manajan da kike neman a daina jiran sa hannunsa zai iya ji kamar ikonsa ake son ragewa. Shi ne mutumin da ya kamata ki je ki samu tun wannan makon, ki zauna da shi cikin ladabi ki ce: "Ranka ya daɗe, ga abin da zan gabatar, ina so in ji inda kake ganin matsala." Abin da zai faɗa miki a ofishinsa shi ne zai faɗa a ɗakin taro, gara ki ji shi yanzu kina da lokacin neman amsa. Sau da yawa ma wanda aka nemi shawararsa tun da wuri shi ke fara mara wa magana baya.

Akwai wani tarko da ke kama duk wanda ya san aikinsa sosai. A 1990 wata ɗaliba a Jami'ar Stanford, Elizabeth Newton, ta sa mutane su riƙa ƙwanƙwasa amon sanannun waƙoƙi a kan tebur da yatsa, wasu kuma su faɗi wace waƙa ce. Masu ƙwanƙwasawa sun zaci za a gane kusan rabi. Cikin waƙoƙi 120, uku kacal aka gane. Dalili shi ne mai ƙwanƙwasawa yana jin waƙar gaba ɗaya a cikin kansa, mai sauraro kuwa ƙwas-ƙwas kawai yake ji. Haka kike da aikinki. Gajerun sunayen da kuke kiran takardu da su a sashenku, da matakan da kika ɗauka kowa ya sani, duk waƙa ce a cikin kanki ke kaɗai. Maganin shi ne ki gwada bayanin a kan wanda bai san aikin ba, ki kalli fuskarsa. Inda ya ɗaure gira, nan kika tsallake wani abu.

Yanzu sai yanka, kuma nan ne zai yi miki ciwo. Hujja uku ki zaɓa, in ta matsa huɗu. Masu binciken ƙwaƙwalwa sun daɗe suna nuna cewa abin da mutum zai iya riƙewa a ransa lokaci guda kaɗan ne. Nelson Cowan a 2001 ya ƙiyasta shi da kusan abu huɗu. A wurinki hujjojin a fili suke: ga yadda jira ke ɓata wa abokan hulɗa rai, ga inda jiran yake faruwa, ga yadda za a tsare kamfani daga kuskure in an ba ku wannan dama. Duk abin da bai tallafi ɗaya daga cikin waɗannan ba, ki cire shi, ko da kwana kika yi kina haɗa jadawalinsa. Ba zubarwa za ki yi ba. Ki tura shi bayan shafin ƙarshe, in an yi tambaya ki buɗe. Ranar 19 ga Nuwamban 1863, a maƙabartar sojoji ta Gettysburg a Amurka, Edward Everett ya yi jawabin awa biyu, shugaban ƙasar na lokacin Abraham Lincoln ya biyo shi da na kusan minti biyu, kalmomin da ba su kai 300 ba. Na Lincoln ne har yau ake koyar da yara a makarantu. A Jami'ar Queensland ta Ostareliya kuma, tun 2008 ake gasar da ɗalibin digirin digirgir zai bayyana binciken shekaru a minti uku da shafi ɗaya tak. In wannan ya yiwu, koke-koken sashenku za su shiga minti 15 har da saura. Ki shirya na minti 11 ko 12. Magana a gaban mutane kullum tana fin ta ɗaki tsawo, kuma ban taɓa ganin wanda aka yi fushi da shi don ya gama da wuri ba.

Sai bayan duk wannan za ki buɗe kwamfuta. Shafi takwas zuwa goma sun ishe ki. Abin da nake so ki riƙe game da shafukan majigi shi ne taura biyu ba ta taunuwa. In kika cika allo da rubutu kina kuma magana, mutum ko dai ya karanta ko ya saurare ki, kuma da yake ido ya fi baki sauri, zai gama karantawa ya bar ki a baya, ya ɗauki wayarsa. Richard Mayer na Jami'ar Kaliforniya ya shafe shekaru yana gwada wannan, ya nuna cewa mutane sun fi fahimtar zane da bayanin baki a kan zane da bayanin baki da kuma rubutun da ke maimaita bayanin. Saboda haka kowane shafi magana ɗaya. Takensa ya zama cikakkiyar jimla: maimakon "Lokacin jira", ki rubuta "Mafi yawan jinkiri a matakin sa hannu yake faruwa", a ƙasa ki sa zane ɗaya da ke nuna haka. Wanda ya karanta taken shafukanki kawai, daga na farko zuwa na ƙarshe, ya kamata ya fahimci duk hujjarki. Haruffa su zama manya yadda na kujerar baya zai karanta ba tare da ya ƙanƙance ido ba. In sai kin rage girman harafi kafin rubutu ya shiga, rubutun ne ya yi yawa. Kada ki bambanta abu biyu da ja da kore kaɗai, domin kusan namiji ɗaya cikin 12 na da matsalar rarrabe launuka, galibi waɗannan biyun. Kuma ga wata ƙaramar dabara a PowerPoint: kina cikin nuna shafuka, in kika danna harafin B allon zai yi baƙi, idanu su dawo kanki. Ki yi amfani da ita lokacin da za ki faɗi abin da kika zo nema.

Alƙaluma kuwa, ki sa musu fuska. A 2001 da Steve Jobs ya fito da na'urar iPod ta sauraron waƙoƙi, tana ɗaukar gigabait 5 ne, amma abin da ya faɗa wa mutane shi ne waƙa 1,000 a aljihunka. Ke ma ki zaɓi koke guda na gaske, ki ɓoye sunan mai shi, ki bi shi tun ranar da ya shigo: ya kwana nawa a wane tebur, sau nawa mutumin ya kira, alhali gyaran kansa na minti goma ne. Bayan wannan sai ki ce irinsa nawa ne a wata. In kika fara da mutum ɗaya, adadin zai samu inda zai zauna a ransu. In kuma akwai bayanan da dole sai an karanta a tsanake, ki rubuta su a takarda ki tura kafin taro. Kamfanin Amazon tun 2004 ya daina amfani da shafukan majigi a tarukan manyansa, takarda mai shafi shida ake rabawa kowa ya karanta shiru kafin a fara magana. Ba na ce ki kwaikwaye su ba, amma ki san takardar karatu daban, allon magana daban.

Mu zo kan hadda, domin ita ce ta kayar da ke a shafi na uku. Jawabin da aka haddace kalma-kalma kamar sarƙa yake, kowace jimla tana rataye da wadda ta gabace ta. Ɗaya ta tsinke, sauran duk sun zube, kuma fargaba ba abin da ta fi saurin tsinkawa kamar wannan. Ga shi kuma rubutacciyar magana ba ta zama daidai a baki, mai sauraro yana ji ya san tilawa ake yi masa. Ki tuna yadda kike kwatanta wa baƙo hanyar gidanku. Ba ki taɓa haddace kalmomin ba, yau ki faɗa haka gobe ki faɗa haka, amma ba kya ɓata, domin kin san hanyar da alamominta. Haka za ki san jawabinki: daga buƙata zuwa labarin koke guda, daga nan zuwa inda jinkiri yake, daga nan zuwa matakan kariya, a koma kan buƙata. Masu jawabin Girka da Rum na da ma haka suke yi: su ɗauki gidan da suka sani a zuci, su ajiye kowane batu a wani ɗaki, in sun tashi magana sai su bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya.

Abu biyu kawai na yarda ki haddace: jimloli biyu ko uku na buɗewa, da na rufewa. Na buɗewa don su ɗauke ki su tsallakar da ke daƙiƙu talatin ɗin farko, lokacin da zuciya ta fi bugawa. Na rufewa don kada ki ƙare da "to, shi ke nan dai". Tsakiyar kuma ki rubuta kalma uku-uku ko huɗu-huɗu a ƙananan katuna masu kauri, ki sa musu lamba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana huɗunki na baya duk a kan allo suka ƙare, bakinki bai samu ko ɗaya ba. Wannan karon ki juya rabon. Nan da kwana biyar ki gama da shafuka, sauran kwanakin na baki ne. Kuma bita a zuci ba bita ba ce, domin a zuci kowa fasihi ne. Ki miƙe tsaye, ki ɗaga murya kamar akwai mutum a ƙarshen ɗaki, ki kunna agogo, ki yi daga farko har ƙarshe ba tsayawa, ko kin yi tuntuɓe ki wuce. Na farko zai yi muni, zai kuma zarce lokaci. Kowa haka nasa yake. A na uku za ki ji wasu jimloli sun fara zama a bakinki, wasu kuma kullum sai kin sarƙe a kansu. Waɗannan ba laifin harshenki ba ne, jimlolin ne ba su da kyau, ki sauya su. Sau ɗaya ko biyu a rana na tsawon mako ya fi sau goma a daren ƙarshe, domin abin da aka kwana a kansa ya fi zama. Ki jingina wayarki ki ɗauki bidiyon kanki sau ɗaya. Kallonsa ba daɗi, na sani, amma a nan za ki ga ko kina lilo da jiki, ko kina haɗiye ƙarshen jimla, ko "am" da "wato" sun yi yawa. Ki zaɓi abu ɗaya ki gyara, kada ki ce sai duka. Daga nan ki tara mutum biyu ko uku, har da abokin aikin nan naki, su saurare ki su yi miki tambayoyi masu zafi. In kin gama kada ki tambaye su ko ya yi kyau, za su ce ya yi. Ki ce: me kuka ji ina nema? In amsarsu ta yi daidai da jimlarki, kin kama hanya. Wani gwajin da nake so ki yi shi ne ki fara daga tsakiya, daga shafi na biyar misali, don ki saba da ɗaukar zare daga ko'ina. An ruwaito cewa Demosthenes, wanda ake ɗauka babban mai jawabin tsohuwar Girka, da raunin murya da sarƙewar harshe ya fara, har yakan sa tsakuwa a baki yana atisaye. Wanda kike gani yana zuba kamar ruwa, ba ki ga daren da ya yi yana magana da bango ba.

Tsoron kansa fa? Ba zan ce miki zai tafi ba. Abin da ya same ki aikin sinadarin adirenalin ne: jiki ya ɗauka akwai haɗari, zuciya ta ƙara gudu, yawu ya ɗauke, tsoka ta ɗaure har hannu da murya su yi rawa. Kowane lafiyayyen jiki haka yake yi. Masu bincike ma in suna so su tayar wa mutum da hankali a ɗakin gwaji, abin da suka fi amfani da shi wani tsari ne da aka fitar a Jami'ar Trier ta Jamus a 1993: a tsayar da kai minti biyar kana magana a gaban alƙalan da ba sa murmushi ba sa gyaɗa kai, sannan a ce ka ƙirgo baya-baya daga 1,022 kana cire 13. Ki ga ke nan abin da kika ji ba wani naƙasu ba ne a tare da ke.

Abin da ke sa shi ya ninka shi ne tunanin cewa kowa na gani. Kenneth Savitsky da Thomas Gilovich sun nuna a 2003 cewa masu jawabi suna zaton fargabarsu ta fito fili fiye da yadda masu kallo ke gani, kuma waɗanda aka sanar da su haka kafin su tashi sun fi yin jawabi mai kyau. Bugun zuciyarki ke kaɗai kike jin sa. Don haka kada ki buɗe da ban haƙuri, kada ki ce "ku yi min uzuri, ban iya magana ba". Kin nuna musu abin da ba su lura da shi ba, kin kuma sa su neman sa. Alison Wood Brooks ta Harvard kuma ta gano a 2014 cewa wanda ya ce wa kansa yana ɗoki ya fi wanda ke ƙoƙarin tilasta wa kansa natsuwa yin abin kirki. Ɗoki da tsoro jiki ɗaya suke sawa, sauya wa abin suna ya fi kashe shi sauƙi.

Na taɓa zama a wani taro inda wani matashi ya riƙe takarda falle ɗaya a hagu, ɗan fitilan nan mai jan ɗigo a dama. Hannunsa kaɗan yake rawa, da ba wanda zai sani. Amma takardar ta riƙa kaɗawa tana ƙara a bakin makirufo, jan ɗigon kuma yana tsalle a kan allo kamar ƙuda, shi ma da ya ga haka sai ya ƙara rikicewa. Shi ya sa na ce katuna masu kauri, ko ki ajiye takardar a kan tebur. In za ki nuna abu a allo, ki nuna da hannu ko ki faɗa da baki. Ki kafa ƙafafunki biyu a ƙasa. Ki ajiye ruwa kusa. Kafin a kira ki, ki ja numfashi ta hanci a hankali, ki sake shi ya fi shigarsa tsawo, sau biyar ko shida. Dogon fitar numfashi na rage gudun zuciya. In kin miƙe kada ki fara nan take. Ki dubi mutane, ki ƙirga biyu a ranki, sannan ki yi sallama. Ki yi wa mutum ɗaya jimla guda cikakkiya kina kallonsa, ki koma kan wani. Kuma kada ki ba su ƙeya; allon nasu ne, ke naki yana kan kwamfutar da ke gabanki.

In zaren ya ƙwace, ki yi shiru, ki kurɓi ruwa, ki duba katinki. Shirun daƙiƙa uku a wurinki kamar shekara ne, a wurinsu kuwa mai tunani suke gani. Abu ɗaya zan ƙara, da gaske nake: in rashin barcin nan ya zarce, ko tsoron ya fara hana ki shiga mutane a wasu wuraren ma, ki ga likita ko masanin halayyar ɗan'adam. Abu ne da aka san shi, kuma ana samun sauƙinsa.

Ranar taro ki riga kowa zuwa. Ki haɗa kwamfutarki da majigin ki ga ya kama, ki je kujerar baya ki duba ko ana karanta rubutun, ki tsaya inda za ki tsaya ki faɗi jimlar farko da ƙarfi a ɗakin da ba kowa. Ki riƙe kwafi a filashi, wani a imel ɗinki a matsayin PDF, wani a takarda. Ki kuma shirya gajeren jawabi na minti uku a ranki, domin taron shugabanni kan ci lokaci a ce miki "a taƙaice". In haka ta faru kada ki ƙara sauri, ki faɗi buƙata, hujja mafi ƙarfi, da wa'adi.

Tambayoyi su ne wurin da za ki fi kowa ƙarfi, domin nan hira ce a kan abin da kike yi kullum. Ki rubuta guda biyar da kika fi jin tsoro, ki amsa su da baki tun a gida. Ta farko na san ta: in ma'aikacinku ya yi kuskure ya jawo wa kamfani asara fa? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ki kawo ta da kanki a cikin jawabin, ki faɗi iyakar abin da za ku iya yankewa da yadda za a riƙa duba aikinku. In an yi tambaya ki bari mai ita ya kai aya, ki amsa a gajarce, ki tsaya. Wadda ba ki da amsarta ki ce: "Ba ni da wannan adadi a hannu, zan turo shi gobe kafin a tashi aiki." Ki kuma tura. Kada ki ƙirƙiri adadi don ki fita kunya, a ɗakin akwai wanda ya san na gaskiya.

Bayan tambaya ta ƙarshe kada ki bari taron ya watse haka nan. Ki karɓi maganar ki maimaita jimlarki: abin da kike roƙo, na wata nawa, da ranar da za ki dawo da sakamako. Ki dubi shugaban taron, ki yi shiru, ki bar shi ya amsa.

Allah ya ba da sa'a, ƙanwata. Ki rubuto min in ji yadda aka yi.